Shekarar da Aka Fasa Taga a Garejin Babanku

Ranar Sallar Layya da ta wuce, ina kishingiɗe a ɗaki kuna tsammanin barci ya ɗauke ni, na ji ku a tsakar gida kuna tsara yadda za a mayar da ɗakin gareji shago. Gwiwoyina ne suka gaza, kunnena yana nan garau. Na ji Auta tana cewa a toshe tagar gabas a kafa katakon jera kaya a jikin bangon. Na kuma ji wani a cikinku, ba zan kama suna ba amma kowa ya san mai babbar murya a gidan nan, yana cewa ai dama ɗan filin da ke bayan tagar namu ne, Malam Isiyaku maƙiyin Baba ne ya so ya haɗiye, shi ne ma ya kai ƙararmu aka zo aka shafa mana jan fenti. Wallahi sai da na tashi zaune. Ban tanka muku ba a ranar, don nama na kan wuta kuma ga baƙi, amma na ce a raina kafin in ci gaba da labarin rayuwata sai na tsaya na gyara wannan. Yawancinku kuna yara a lokacin. Abin da kuka gani jan fenti ne a bango, da uwarku tana kuka a zaure, sauran kuma kuka cike da kanku.

Bari in fara da garejin. Babanku, Allah ya jiƙansa, fataucin masara ne sana'arsa. Yana bin kasuwannin ƙauye, Kafur, Dayi, har can gefen Maska, ya saro ya kawo Funtua. Da Allah ya hore masa ya sayi tsohuwar a-kori-kura, sai ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Ni da na haifa masa 'ya'ya ban taɓa ganin ya share mini ƙura a fuska ba, amma motar nan kullum da tsumma a hannunsa. Ya ce ba za ta kwana a waje ba, ya kira magina suka tayar mata da ɗaki a gefen zaure, da ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai kallon titi. A lokacin unguwar nan bayan gari ce, gonakin dawa ne suka kewaye mu, babu mai zuwa duba gini. Don motar ta samu wurin shiga a sake, sai ya kai bangon gabas har kan iyakarmu da Malam Isiyaku, ko tafin hannu bai bari ba. Kwanon rufin kuma gabas ya karkata. To kun ga ke nan duk ruwan da sama ta zubo mana a tsakar gidan bawan Allahn nan yake sauka. Damina ta farko ya yi shiru. Ta biyu ruwa ya cinye gindin madafar matarsa, Iya Ladi, bango ya zube a kan tukwanenta. Aka je gaban mai unguwa, Babanku ya ce zai juya kwanon. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan magana Babanku ne ba shi da gaskiya. Mutumin kirki ne mai sakin hannu, amma “gobe” ba ta ƙarewa a bakinsa. Gobe, gobe, har ajali ya riske shi kwano yana nan yadda yake. Shi da Malam Isiyaku suna gaisawa a masallaci, iyakarta ke nan.

Bayan rasuwarsa motar ta tafi a rabon gado, gareji ya zauna fayau, sai warin baƙin mai da tsofaffin buhuna. Ɗakunan gidan biyu ne a lokacin: ina ɗaya da ku ƙanana, yayanku kuma yana turakar Babanku da amaryarsa, don bikinsu bai daɗe ba aka yi rasuwar. Ban jima da fita takaba ba, ƙarshen rani ana jiran ruwa, wata rana da hantsi na ji babura sun tsaya a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga Inna Delu da mijinta Baffa Manu, da ƙullin kaya ɗaya da tukunya ɗaya. Inna Delu ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta goya ni bayan mahaifiyata ta rasu. Allah bai ba su haihuwa ba, ni ce 'yarsu. Ƙauyensu can bayan Maska ya watse saboda ɓarayin daji, shanun Baffa sun tafi, sandar kiwo kaɗai ta rage a hannunsa, ita ce kuma ta zama sandar makanta, don idanunsa sun rufe da tsufa. Na durƙusa na riƙe ƙafafun Inna ina kuka, ita kuwa ta dungure mini kai.

“Ke tashi ki ba mu ruwa, kin tsufa ba ki daina kuka ba. Malam, ka ji 'yarka, har ta yi furfura.”

“Ni dai ban gani ba,” in ji Baffa. “A wurina tana nan yadda na bar ta, da majina a hanci.”

Haka suke, tun ina ƙarama. Kullum cikin tsokana, amma ɗaya ba ya cin abinci sai ɗaya na kusa. Inna ce ke juya masa takalma su kalli ƙofa, ita ke ɗanɗana kununsa kada ya ƙone shi. Kuma kowace safiya ta Allah, kafin a karya, sai Baffa ya ɗaga kai ya ce, “Delu, yaya gabas?” Manomi ne makiyayi, rayuwarsa duka a kallon sama ta ƙare, daga gabas kuma hadari yake taso mana. Sai ta fita ta duba ta dawo ta ba shi labari: yau garau take, ko yau akwai ɗan baƙi-baƙi a ƙasa-ƙasa. Ba shi da gona, ba shi da saniya, amma sai ya gyaɗa kai kamar yana da shuka a ƙasa.

Wuri ɗaya ne a gidan da zai ɗauke su su biyu tare, shi ne gareji. Muka share, muka zuba toka a kan man da ya kama daɓe, muka shimfiɗa tabarmi. Na ce kafin ruwa ya sauka zan mayar da shi ɗaki sosai, a cire ƙofar ƙarfe a toshe da bulo, a fasa ƙofa ta cikin gida. Ƙanen Babanku, Alhaji Mudi, ya zo ya ce ban yi tunani ba, shago ya kamata a yi don marayu su samu na cefane, Inna ta zauna a ɗakina, tsohon kuma a kai shi wurin ɗan wansa a Dayi. Na ce masa ba zan raba su ba. Ya kaɗa riga ya fita, ya daɗe bai sake taka gidan nan ba, kuma na ji zafin hakan, don a lokacin ina bukatar dangin Babanku a kusa. Na kira magini, aka sauke yashi da bulo a ƙofar gida. To ku saurara da kyau a nan: tulin yashin nan ne ya kai ƙararmu, ba Malam Isiyaku ba. Mai tifa ya juye shi rabi a titi rabi a cikin kwata, makaho ma sai ya yi tuntuɓe da shi. Ma'aikatan ofishin tsara birane suna zagayensu suka gani, suka shafa jan fenti a bangon gareji, alamar a dakata da aiki.

Da aka gaya mini, na zuro hijabi a bai-bai na fito da niyyar in wanke ko wane ne tas. Na ɗauka wani ƙato zan tarar mai neman na goro. Sai na ga yarinya siririya, ba ta wuce sa'ar yayarku Hadiza ba, da igiyar awo a hannu. Sunanta Malama Rabi. Ta rusuna ta gaishe ni, ni kuwa ban amsa da kyau ba.

“Gidan ubanki ne ko na mijina? Mutum ba zai gyara ɗakinsa ba sai ya nemi izininku?”

“Gidanki ne, Hajiya. Amma a zanen gidan da ke wurinmu, nan ma'ajiyar mota ce. In za a mayar da shi wurin kwanan mutane, sai an nemi izinin sauyawa, mu kuma mu duba ko mutum zai iya rayuwa a ciki. Don Allah mu shiga tare.”

Muka shiga. Inna da Baffa suna zaune a zaure suna shan iska. Yarinyar nan ta jawo ƙofar ƙarfe ta rufe ruf, duhu ya rufe mu da rana tsaka. Ta ce in tsaya in ja numfashi. Kai! Kafin in gama salati zufa ta keto mini, warin mai ya hau mini kai, kwano yana huro zafi kamar ana toya mu. Tana nan tsaye a duhun take gaya mini cewa ta sha shiga irin waɗannan ɗakuna, an toshe gaba da bulo an bar 'yar kafa ɗaya, sanyi ya zo tsoho ya hura gawayi a kasko, gari ya waye a yi ta bugun ƙofa. Ta ce ta ji tarin Inna tun daga waje. Faɗan da na fito da shi ya bi iska. Ta lissafa mini abin da doka take so: a kankare daɓen nan a sake shi, a sa silin a ƙarƙashin kwano, ƙofa ta buɗe ta cikin gida, a kwashe yashi daga kwata. Duk na ce zan yi. Sai ta ce saura ɗaya, taga biyu a bango biyu, don iska ta shiga ta fita. Ta gaba babu matsala. Amma bangon yamma zaure ne, na baya turaka ce, saura na gabas. Shi kuma a kan iyaka yake zaune, doka ba ta yarda a fasa taga a kan iyakar maƙwabci ba sai da ɗan fili a tsakani.

“In ba a samu ba fa?” na tambaye ta.

“In ba a samu ba, Hajiya, ba zan iya sa hannu ba. Su ci gaba da kwana ƙofa a sassauce zuwa faɗuwar damina. In ruwa ya zauna dole a rufe ƙofar nan, ni kuma ba zan bar tsofaffi a ciki a rufe ba. Ki yi magana da maƙwabcinki, ko Allah zai sa a samu mafita.”

Maƙwabcina! Mutumin da ruwanmu ya rushe wa madafa. Na yi ta juya abin har na ga sama ta fara canzawa, sannan na daure na shiga wurin Iya Ladi. Ta shimfiɗa mini tabarma daidai inda tsohon gindin madafar yake, ga turken awakinta, ga zogalenta, ga bangon garejinmu ya yi kore da gansakuka saboda ruwa. Kunya ta hana ni kallon wurin. Ban ma iya ambaton fili ba, taga kawai na roƙa, ko 'yar ƙarama ce can sama, ina fatan in ya yarda Malama Rabi za ta sassauta. Iya Ladi ta kai saƙon ɗakinsa, shi kuma ya amsa da ƙarfi yadda zan ji.

“Gaya mata, mijinta ya ci mini iyaka da ruwa, ita kuma za ta ci da ido? Taga a kan tsakar gidana, inda iyalina ke daka suke wanki?”

Na ɗaga murya na ce, “Malam, wanda zai zauna a ɗakin makaho ne.”

“Yau makaho. Gobe wa?”

Gaskiya ya faɗa. A garin nan babu magidancin da zai yarda idon wani gida ya riƙa sauka a kan matansa, ko ni ce ba zan so ba. Na dawo gida. Na fara shirin abin da na rantse ba zan yi ba: na aika wa ɗan wan Baffa a Dayi cewa ya gyara masa wuri. Inna ta gane, don ta daina tsokana. Da safe in ya ce yaya gabas, sai ta fita ta daɗe a waje kafin ta dawo, ta ce masa garau take, alhali ni ina ganin hadari yana haɗuwa. So take ta riƙe damina da bakinta.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya Iya Ladi ta ba ni labari, shi ne wannan. Yayanku ne ke kai Baffa masallaci da asuba da magariba, amma da rana yana kasuwa. To tun makon farko Malam Isiyaku ya fito zai tafi azahar ya tarar da tsoho tsaye a ƙofarmu yana lalube. Sai ya kama bakin sandar ya ja shi. Daga ranar ya zama aikinsa, azahar da la'asar. Kun ji mutum: ya hana ni taga, amma bai taɓa barin baƙona ya rasa jam'i ba. Ran nan suna dawowa daga la'asar, Baffa ya ja sandar ya tsayar da shi.

“Malam Isiyaku, ina da roƙo. Ranar kasuwar Dayi ka sa ni a mota. Kada 'yar nan tamu ta sani sai na tafi. Ta isa da wahala, ga marayu ga hukuma, kuma in ita ta sa ni a mota da hannunta ba za ta yafe wa kanta ba.”

“Matarka fa?”

“Ta zauna wurin 'yarta, tarinta ba zai iya Dayi ba. Sai dai abu ɗaya. In za ka wuce da safe, ka ɗan ɗaga murya ka ce mata, yaya gabas? Ta saba a tambaye ta. Ran da ba a tambaye ta ba, ba ta iya karyawa.”

Iya Ladi ta ce ranar Malam Isiyaku ya shigo gida bai ko cire hula ba, ya je ya tsaya a gaban koren bangon nan ya yi ta kallonsa. Ta kawo masa tuwo ya huce a inda ta ajiye. Can ya juyo ya ce mata, “Ladi, ashe ni ne zan raba mutanen nan?” Ta ce masa, “Kai ka sani, Malam.” Washegari ya aika a kira masa Malama Rabi. Kun san zaurensa, har yau rubutun “Ba Shiga” yana nan. Duk ma'aikatan da suka taɓa zuwa awo a unguwar nan a ƙofa suke tsayawa, amma ita mace ce, ta yi sallama ta shige har tsakar gida. Ya ce ta nuna masa filin da dokarsu take so a bari. Ta ja igiyarta daga jikin bangonmu, ta ja layi a ƙasa da tsinke. Layin ya bi ta kan gindin tsohuwar madafa, ya haɗiye turken awaki, ya haɗa da zogale. Iya Ladi ta ce ita zogale ba ya damunta, reshe ake karya a sake dasawa. Malama Rabi ta dubi Malam Isiyaku.

“Baba, ka fahimta fa. In ka sa hannu, wannan wuri ya fita daga gidanka ke nan. Ko 'ya'yanka ba za su iya karɓa ba.”

“Ina jin Hausa, yarinya. Ja layinki ya fito sosai. Kuma kada ki gaya wa matar nan sai katanga ta tashi, ba na son a zo mini da kuka.”

Ni ina gida na fara jin sara da kwaɓa daga gidansu, ina hango kan sabuwar katanga tana tasowa. Na ce shi ke nan, mutumin nan ƙara toshe mu yake yi don kada ma in sake yin mafarkin taga. Sai ga Malama Rabi wata safiya da takardar izini a hannu tana murmushi, da magini a bayanta. Ban gane komai ba. Ta shiga gareji ta zana murabba'i da alli a bangon gabas. Inna da Baffa suna zaune a tabarma. Sai muka ji murya daga bayan bango.

“Malam Manu! Matsa daga jikin bango!”

Muka janye Baffa. Aka buga guduma, dum, dum, ƙura ta tashi, bulo ya faɗo ciki. Haske ya shigo ya sauka a kan tabarma, ga fuskar Malam Isiyaku a cikin ramin, gemunsa fari fat da siminti. A bayansa kuma ba tsakar gidansa na gani ba, sabuwar katanga ce doguwa da ya ja da baya cikin nasa gidan, ya bar mana siririn lungu wanda ya ɓulle har kwatar titi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana rigima a kan tafin hannu na ƙasa, shi ne ya yanki gidansa ya ba makahon da bai haɗa komai da shi ba.

“Malam, haske!” in ji Inna.

“Ni iska na ji,” in ji Baffa. “Delu, wannan ta gabas ce.”

Da la'asar na tare Malam Isiyaku a zaurenmu ya kawo Baffa. Na durƙusa zan yi godiya, ya ɗaga hannu ya hana ni. Ya ce ba don ni ya yi ba. Har ya juya zai fita, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Ruwan nan da mijinki ya yi ta zuba mini, na yafe masa. Duniya da lahira.”

To kukan da kuka ga ina yi a zaure, na wannan ne. Ba jan fenti ne ya sa ni kuka ba. Tun ranar da aka ɗauki Babanku, haƙƙin maƙwabcin nan yake tsaye mini a ƙahon zuci, duk ruwan da aka yi sai in ji kamar a kan kabarinsa yake zuba. Rana ɗaya bawan Allahn nan ya ba tsofaffina ɗaki, ya kuma sauke wa Babanku kaya. Ban san da wane baki ake gode wa irin wannan ba, har yau ban sani ba. Ina kuma gode wa Malama Rabi, da ta tsaya ƙyam ta ƙi sa hannu a ranar da nake jin haushinta. Da ta sassauta mini, da na toshe Inna da tarinta a cikin tanderu da hannuna, ina ganin gata na yi mata.

Aka gama aikin kafin ruwa ya zauna. Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, na je na tsaya ina kallon yadda yake sauka daga kwano zuwa cikin lungun, ya bi ya fita kwata, ko ɗigo bai shiga gidan kowa ba. Inna ta daina fita duba sama, daga kan tabarmarta take ɗaga kai, don ta saman katangar ana hango gabas. Wani lokaci ma Baffa ke riga ta, ya shinshina ya ce hadari, ta ce ƙarya yake, kafin su gama musu sai iska ta taso. Tarinta ya yi sauƙi. Malam Isiyaku ya zama ɗan gida, in ya dawo da Baffa sai su zauna a zaure suna hirar shanu da taki har a kira magariba. Alhaji Mudi ma ya dawo daga baya, ya leƙa ɗakin ya ce ya yi kyau, ban tayar masa da tsohon zance ba.

Sun samu 'yan shekaru a ɗakin nan tare, kafin Allah ya karɓi Baffa cikin wata kaka, kansa a kan cinyar Inna. Washegarin jana'iza na kai mata kunu. Tana zaune a ƙarƙashin taga, ta juya takalmansa sun kalli ƙofa kamar kullum. Na yi lallashin duniya ta ƙi ko kallon kofin. Na rasa yadda zan yi, na zauna kusa da ita. Can sai muka ji gyaran murya daga bayan katanga, daga tsakar gidan maƙwabci.

“Inna Delu! Yaya gabas?”

Ta gyara zama. Sannan ta ɗaga kai ta dubi sama ta tagar, ta daɗe tana dubawa.

“Garau take, Malam Isiyaku. Damina ta tafi.”

Ta miƙo hannu ta karɓi kunun. A lokacin ban san daga ina ya samo tambayar ba, sai da Iya Ladi ta ba ni labarin roƙon Baffa. Malam Isiyaku bai fasa ba ko sau ɗaya, kowace safiya, har ranar da ita ma aka fitar da ita ta ƙofar nan.

Wannan shi ne mutumin da kuka kira maƙiyin Babanku. Shago kuwa, in na kau ku yi in kuna so, gidanku ne, sai dai ku je ku nemi izini tukuna, kada ku jawo mana jan fenti karo na biyu. Amma lungun nan ba gadonku ba ne, sadakar Malam Isiyaku ce, kuma ladanta yana isa gare shi ne muddin iska na shiga. Ku jera kayanku a sauran bangon, tagar gabas ku bar ta a buɗe.